Mutum-mutumi Bai Iya Riƙe Shadda Ba Tukuna

Na gaji da bidiyon nan da ke yawo a WhatsApp, wai mutum-mutumi ya gama da tela. Har na ji wani matashi a Soron Ɗinki yana cewa koyon ɗinki yanzu ɓata lokaci ne. A Soron Ɗinki fa, unguwar da sunanta ma allura da zare ne!

Hannun mutum-mutumi ba ya motsi sai da lissafi. Galibi gaɓoɓi shida gare shi, kuma kafin ya ɗauki ko da kofi sai kwamfuta ta tsara yadda kowace gaɓa za ta juya, da hanyar da zai bi kada ya bangaji wani abu. Wannan tsohon labari ne, tun 1961 wani mutum-mutumi mai suna Unimate ya fara ɗaukar ƙarfe mai zafi a masana'antar General Motors a Amurka.

To amma ƙarfe ba ya canza kama. Lambobi shida sun isa su faɗi inda yake da yadda ya karkata. Shadda fa? Ka ɗaga gefenta ta lanƙwashe, ta zame, ta cukurkuɗe, lissafi ya rushe tun ba a je ko'ina ba. A 2010 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun sa mutum-mutumi ninke tawul, sai da ya ci kusan minti 25 kan kowane ɗaya. Kamfanin Japan da ya ƙera Laundroid, na'urar ninke tufafi, karyewa ya yi a 2019. Masu kamfanin Sewbo kuwa dabara suka yi, sai su sa wa yadi sinadari ya sandare kamar kwali, a ɗinka, sannan a wanke. Wa zai ba da shaddarsa ta Sallah a yi mata haka?

Abin da ya rage wa masu aikin hannu ciniki shi ne keken kwamfuta, sai kayan China. Shi ma keken, mutum ne ke ɗaure masa yadi.

Don Allah samari, ku koma gaban maigida. Ku iya awo da yanka. Ku koyi zana aiki a kwamfuta da gyaran keken, domin ranar da ya tsaya ana neman mai gyara ido rufe. Mai kakan da ya iya aska takwas ta hannu, ya zauna kusa da shi tun yana gani. Kuma a daina karɓar ɗinki hamsin ana saura kwana uku Sallah.