Kare-Karen Harshen Sifaniyanci: Bambance-Bambancensu da Asalinsu

1.0 Gabatarwa

Sifaniyanci shi ne harshen hukuma a ƙasashe 20, kuma Meziko ce ta fi kowace ƙasa yawan masu magana da shi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa kare-karen Latin Amurka sun fi kusa da karin Andalusiya, wato kudancin Sifaniya, fiye da karin Madrid, tare da bayyana dalilin hakan.

2.0 Furuci

A arewaci da tsakiyar Sifaniya ana rarrabe casa (gida) da caza (farauta), domin ana furta baƙin z kamar ث na Larabci. A Latin Amurka da tsibiran Kanari da birnin Sebiya kuwa, sautukan biyu sun zama s, kalmomin biyu kuma suka zama furuci ɗaya. Bugu da ƙari, a Kuba da Andalusiya baƙin s yakan rikiɗe zuwa h a ƙarshen gaɓa, har estos (waɗannan) ta zama ehtoh.

3.0 Wakilin Suna da Kalmomi

Mutumin Madrid yana da “ku” iri biyu: vosotros ga sa'o'i, ustedes don girmamawa. Latin Amurka ustedes kaɗai ta riƙe. A Ajantina kuma vos ya maye gurbin tú, ya kuma sauya sigar aikatau: tú tienes (kana da) ta koma vos tenés. Ta fuskar kalmomi, mota coche ce a Madrid, carro a Kolombiya, auto a Ajantina.

4.0 Asalin Bambancin

A shekarar 1503 aka kafa ma'aikatar kula da cinikin Amurka a Sebiya. Daga nan jiragen ruwa suke tashi, su yada zango a Kanari, sannan su haye teku. Da yawa daga baƙin farko 'yan Andalusiya ne, saboda haka furucinsu ya kafu a sababbin garuruwan.

5.0 Kammalawa

Hukumar harshe ta Madrid, wadda aka kafa a 1713, ta daɗe tana ɗaukar karin Kastil a matsayin ma'auni. A 1951 aka kafa ƙungiyar hukumomin harshen a Meziko, a 2005 kuma suka fito da ƙamus na haɗin gwiwa wanda ya amince da sigogin yankuna. Ashe ke nan ana iya daidaita harshe ba tare da an mai da karin wasu kuskure ba.