Renon Kwikwiyon Babban Kare

A ƙasar Jahun da sauran garuruwan fadamar kogin Haɗejiya, mutane sun daɗe suna kiwon karnuka. Maharba na fita farauta da su, makiyaya na tsaron garke da su, waɗansu kuma suna ajiye su don gadin gida. Karen ƙasarmu ba shi da girma ƙwarai. Amma akwai waɗansu irin da akan kawo daga nesa, kamar Boerboel na Afirka ta Kudu, wanda in ya ƙasaita yakan kai kilo 60 ko fiye, watau ya fi buhun siminti nauyi.

Kwikwiyon irin wannan kare yana ruɗin mutane. Yana ɗan wata 6 sai a ga ya fi karen gari tsawo, a zaci ya gama girma. Ba haka ba ne. Ƙasusuwansa ba su gama ƙwari sai ya yi shekara ɗaya da rabi, wani ma sai shekara 2. Saboda haka babban abin da ake so shi ne ya girma sannu a hankali.

Kada a raba shi da uwarsa sai ya cika mako 8. Daga nan a riƙa ba shi abinci kaɗan kaɗan, sau 4 a yini. In ya yi wata 3 a koma sau 3, in ya yi wata 6 kuma sau 2. Tuwo kaɗai ba ya isarsa, sai an haɗa da nama, ko ƙwai, ko kifin da aka cire wa ƙaya. Kada a ba shi dafaffen ƙashi, gama yakan tsage ya soke masa hanji. Albasa kuwa guba ce gare shi, tana ɓata masa jini.

Mai cusa wa kwikwiyo abinci don ya yi saurin girma cutarsa yake yi. Nauyi zai yi wa ƙafafunsa yawa, su karkace, gaɓoɓinsa su lalace, ya yi ta ɗingishi har tsufansa. Ga yadda ake ganewa: a shafa gefen ƙirjinsa. In an ji haƙarƙari a ƙarƙashin fata, daidai ne. In ba a ji ba, ƙiba ta yi yawa, sai a rage abinci.

Har wa yau, kada yara su hau bayansa, kada a sa shi tsalle ko dogon gudu, kada kuma a kai shi farauta tun bai ƙosa ba. In ya ci abinci a bar shi ya huta, don cikin manyan karnuka yakan kumbura ya murɗe, abin kuwa yana kisa.

Da bazara, sa'ad da rana ke ƙuna, kare na wahala, gama ba ya gumi kamar mutum, sai dai ya zaro harshe yana haki. A yi masa rumfa, a ajiye masa ruwa mai kyau a kaskonsa na kansa. Da damina kuwa kaska takan yi yawa a ciyawar fadama, sai a riƙa duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa ana cirewa.

Malamin dabbobi shi ne zai ba shi maganin tsutsar ciki. In ya kai wata 3 sai a yi masa allurar rigakafin haukan kare, irin wadda ake yi a Vom, kusa da Jos. Wanda kare ya ciza kuma, ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, sa'an nan ya tafi asibiti nan da nan.

Tun yana ƙarami ake koya masa ladabi da lallashi, ba da duka ba, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi
1. Don me ba a so kwikwiyon babban kare ya yi saurin girma?
2. Yaya ake gane ƙiba ta yi masa yawa?
3. Me wanda kare ya ciza zai yi?