Zancen Shigar da Yara Sikawut a Ƙasar Kirikasamma

Duk wanda ya san ƙasar Kirikasamma ya san ƙasar ruwa ce. Kogin Kano da na Calawa su ne suka haɗu suka zama Kogin Haɗeja, shi kuwa da ya wuce birnin Haɗeja sai ya rarrabu, ya bazu cikin fadamu, wani reshe ya bi ta Marma ya nufi tafkin Nguru. A bakin ruwan nan mutanen Madaci da Turabu da Baturiya da Marma suke zaune, Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa, suna noman shinkafa, suna su, suna kiwo. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992 halin kogin ya sāke. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa na dā, saboda haka in ya cika a watan Agusta da Satumba sai ya nemi mafita ta cikin gonaki da gidaje. An ga haka a 2012, an gani a 2020, an kuma gani a 2022, shekarar da Jigawa ta kasance cikin jihohin da ambaliya ta fi yi wa ɓarna.

A irin waɗannan kwanaki yaro ne aka fi jin tsoro a kansa. Shi ake aike, shi yake kora awaki zuwa tudu, shi yake shiga kwalekwale a ƙarshe ya zauna a baki. Saboda haka kiran da ake yi ga iyaye su shigar da 'ya'yansu ƙungiyar sikawut ya cancanci a saurare shi a wannan ƙasa fiye da wurare da yawa. Amma fa mai kiran ya sani uban yaro yana da tambayoyi, kuma ba ganga da maci ne za su amsa masa su ba.

Asalin abin daga Ingila yake. Wani hafsan soja mai suna Baden-Powell ya tara yara 20 a tsibirin Brownsea cikin watan Agusta na 1907, 'ya'yan masu hali da 'ya'yan talakawa, ya raba su ƙungiya huɗu, ya koya musu kafa tanti da bin sawu da ɗaurin igiya da ceton rai. A 1908 ya fitar da littafinsa a kan wannan tarbiyya, abin ya bazu. Ya iso Ikko a 1915, aka kuma karɓi Nijeriya cikin ƙungiyar duniya a 1961, shekara guda bayan samun mulkin kai. Shi Baden-Powell ya san Afirka ta Yamma, gama yana cikin rundunar da ta tafi ƙasar Asante a 1895 zuwa 1896, wadda a cikinta har da sojojin Hausawa. Ya rasu a ƙasar Kenya a 1941.

To, a nan ne tambaya ta farko take. A 1906, shekara guda tak kafin taron tsibirin nan, sojan Ingilishi suka auka wa birnin Haɗeja, Sarki Muhammadu da jama'a masu yawa suka kwanta dama a wannan rana. Ƙasar da kakanninta suka ga haka ba za a zarge ta ba in ta dubi kaki da jerin gwano da ido biyu. Dattijon da ya ce wannan kayan Nasara ne bai faɗi ƙarya game da asali ba. Abin da ya rage masa sani shi ne inda abin ya kai daga baya. Yau 'yan sikawut a duniya sun haura miliyan 50, kuma ƙasar da ta fi kowace yawansu ita ce Indunusiya, wadda ita ce kuma ta fi kowace ƙasa yawan Musulmi. Akwai haɗaɗɗiyar ƙungiyar sikawut ta Musulmi mai mazauni a Jidda. Alhazan ƙasar Haɗeja da yawa sun ga samarin sikawut na Saudiyya a Mina da Arfa suna nuna wa ɓatattu hanyar tantinsu, suna tura tsofaffi a keke, ko da ba su san sunan ƙungiyar ba. Alkawarin da yaro yake ɗauka ran shigarsa yana farawa ne da sauke hakkin Allah, kana na ƙasa, kana taimakon mutane. A gida kuma an riga an saba da 'yan agaji masu kaki a filin Idi da wurin wa'azi, ba wanda ya ce sun bar hanya.

Sai dai akwai al'adu biyu da mai kira ya kamata ya ajiye tun a ƙofar gari. 'Yan sikawut sun gāji gaisawa da hannun hagu, ana kuma ba da labari cewa daga jarumawan Asante aka ɗauko. Ko ma daga ina ne, yaron da ya miƙa wa kawunsa hagu a zaure ya rufe wa ƙungiya ƙofar gida goma a yini ɗaya. Haka nan gajeren wando. Ba ɗayansu da yake ginshiƙi, dogon wando ba ya hana ɗaurin igiya.

Ginshiƙin shi ne tsarin da ake raba yara ƙananan ƙungiyoyi, shida zuwa takwas, a naɗa ɗaya daga cikinsu shugaba, a ɗora masa amanar sauran. Babba yana daga gefe yana duba, ba ya yi musu aikin. Wanda ya tashi a tsangaya ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin haka alaramma yake danƙa ƙolaye a hannun gardi, shi ya biya musu, shi ya san wanda bai ci ba da wanda zazzaɓi ya kama. Haka kuma sarkin samari yake tara tsaransa ran gayya. Kowace ƙaramar ƙungiya takan ɗauki sunan dabba ko tsuntsu, kuma ƙasar da take da dajin Baturiya, wanda aka sa cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci a 2008, inda tsuntsaye suke sauka daga Turai lokacin ɗari, ba ta da bukatar aron suna. Ga dinya, ga kirinjijiya, ga zalɓe, ga gauraka.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi: me yaron zai kawo gida? Manomin da zai saki ɗansa daga korar jan-baki a gonar shinkafa na yini guda yana da hakkin ya ji amsa. A birni akan amsa da ladabi da horo. A Kirikasamma amsar tana cikin ruwa. Yaran bakin kogi da yawa sun iya iyo, amma iya iyo daban, iya ceto daban. Wanda ruwa yake ci yakan ƙanƙame duk wanda ya matso, shi ya sa sau da yawa akan fitar da gawa biyu a inda ɗaya ya faɗa. Ƙa'idar da ake koya wa ɗan sikawut ita ce ya fara miƙa gora ko sanda yana kwance a gaɓa. In bai kai ba ya jefa igiya ko jarka rufaffiya. In akwai kwalekwale ya tuƙa. Shiga ruwa da jiki shi ne na ƙarshe, kuma ba na yaro ba ne. Ana koya masa ɗaurin da ba ya zamewa kuma ba ya shaƙe mutum, da yadda ake kwantar da wanda aka tsamo, da yadda ake hura masa numfashi. Ana koya masa ya gane kwalekwalen da aka cika fiye da kima, ya kuma iya cewa ba zai shiga ba, abin da manya ma kunya take hana su faɗa.

Bayan ruwa ya ja sai cututtukansa su biyo. Yaron da ya iya haɗa ruwan gishiri da sukari ga ƙaninsa mai gudawa, ya san fitsarin jini tsargiya ce da ake ɗauka a ruwa mai kwanciya kuma tana da magani a asibiti, ya san saran maciji ba a tsaga shi ba a tsotsa sai a hanzarta kai mutum wurin likita, wannan yaro ya biya kuɗin yinin da aka sake shi. Rumāl ɗin da suke ɗaurawa a wuya ma ba don ado kaɗai ba ne, da shi ake ɗaure rauni, a rataye karyayyen hannu. Ba kuma sai an nemo malami daga nesa ga dukan wannan ba. Sarkin ruwa da tsofaffin masunta sun san kogin fiye da kowane littafi, ma'aikacin asibitin gari ya san sauran. Ran da aka gayyaci sarkin ruwa ya koyar, 'ya'yan masunta sun shigo ke nan.

Game da hanyar kira kuwa, takardar da aka manna a bangon makaranta ba ta kai wa ga wanda ake nema, domin wanda ya karanta ta ɗansa yana makaranta tun dā. Gidajen da ba su taɓa ba da yaro ba ta ƙofar hakimi da dagaci da mai unguwa ake isa gare su, sa'an nan liman, sa'an nan alaramma, tun da almajirai ma yara ne kuma su ne suka fi kowa yawo a bakin ruwa. Uwa kuma tana da kalma a kan ɗanta ko da ba ta zo dandali ba, sai a nemi mata masu mutunci su shiga gida su yi bayani. 'Yan mata suna da tasu ƙungiya dabam, wadda aka kafa a Ingila a 1910 ta iso Nijeriya a 1919, mata ne kuma suke riƙe da ita.

Tun da gani ya kori ji, ran kasuwa ya fi kowace rana. Yara takwas a bakin gaɓa, ɗaya ya yi kamar ruwa ya ci shi a inda bai kai ƙirji ba, sauran su fito da shi da igiya a gaban iyaye, ya fi jawabin sa'a guda.

Kuɗin kaki shi ne ramin da ƙungiyoyi da yawa suka faɗa. In aka ce sai mai cikakken kaya zai shiga, 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwa kaɗai za a samu, alhali kuwa ɗan mai kwalekwale ne ya fi bukata. Rumāli ɗaya ya isa a fara da shi, telan gari ya ɗinka. Lokaci ma haka. Taron da ya ci karatun allo na safe ko na dare, ko ya faɗo ran shuka da ran yankan shinkafa, ba zai yi wata uku ba. Yammacin Alhamis, ran da allo yake hutawa, ya dace da ɗan boko da almajiri baki ɗaya, a kuma tashi kafin magariba.

Uba zai kuma tambaya a hannun wa zai bar ɗansa, kuma wajibi ne ya tambaya. Shugaban ya zama ɗan gari wanda aka san gidansu, ƙungiyar ta zama mai rajista da hukumar sikawut ta jiha, kada babba ɗaya ya keɓe da yara, kada a kwana a daji sai da yardar kowane uba. Masu neman zaɓe za su zo da kyautar riguna, gama yara masu kaki a jere abin sha'awa ne a wurin taro. Rigar da aka buga wa hoton ɗan takara ta raba ƙungiya da rabin gidajen gari.

Lokacin fara kira shi ne bayan kaka, sa'ad da rumbu ya cika, hanya ta bushe, mota tana kai wa ƙauyukan da damina take yankewa. Yaron da ya shiga a watan Disamba yana da wata bakwai ko takwas na koyon igiya da gora a ruwa maras zurfi kafin kogi ya sake cika a Agusta.