Baƙin Mai da Shuɗin Hayaƙi: Daga Motar Tsere Zuwa Ƙofar Ruwa

Hayaƙin da ke fita daga salansar mota iri uku ne, kuma kowane bakanike da ya san aikinsa yana iya karanta su. Baƙi yana nuna cewa fetur ya yi yawa. Fari mai kauri alama ce ta ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Na uku shi ne shuɗi, mai ƙauri, wanda ake yawan gani a titin Mandawari da kewayen kasuwar Kurmi idan motoci da adaidaita sahu suka cunkushe. Wannan baƙin mai ne yake ƙonewa, wato man da aka zuba don ya tsare inji ya kuɓuce daga mazauninsa.

Baƙin mai yana zagaya inji kusan yadda jini ke zagaya jiki. Yana kwance a wani kasko da ke ƙasan inji, famfo ya zuƙo shi, ya tura shi ta matata, sannan ya bi ƙananan hanyoyi zuwa duk inda ƙarfe ke gugar ƙarfe. A can yakan zama shimfiɗa wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba, ita ce kuma ke hana ƙarafan haɗuwa. Idan ta yanke na 'yan daƙiƙoƙi kawai, ƙarfe ya ci ƙarfe, sai a ji an ce inji ya buga.

Masu ƙera motocin tsere sun fi kowa sanin wannan haɗari. Injin motar haya da ke juyawa sau 3,000 a minti yana ɗaga fistin ya sauke shi sau 50 a daƙiƙa guda. Injunan gasar Formula One kuwa, a shekarar 2006, sun kusanci juyi 20,000 a minti. Bugu da ƙari, idan motar tsere ta sha kwana da gudu, man da ke cikin kasko yakan tattaru gefe guda, kamar ruwan da ke cikin ƙwarya idan mai ɗauke da ita ya juya da sauri. Bakin famfo sai ya zuƙi iska maimakon mai. Saboda haka ne aka ƙirƙiro kayayyakin da ake saye daban a ƙara wa inji bayan ya baro masana'anta.

Mafi sauƙinsu shi ne kasko mai shinge, wanda aka raba cikinsa da fallayen ƙarfe masu ƙananan ƙofofi da ke buɗewa ta fuska ɗaya, don mai ya gangaro wajen famfo amma ya kasa komawa. Akwai kuma faranti da ake shimfiɗawa tsakanin kasko da sandar da fistin ke juyawa, domin sandar tana kaɗa mai kamar yadda maburgi ke kaɗa miya, ta cika shi da kumfa, mai kumfa kuwa ba ya riƙe nauyi. Masu hali sukan ɗauke man daga ƙasan inji ɗungurungum, su ajiye shi a wani tanki dogo a gefe, famfuna da yawa suna kwashe shi suna mayarwa. Da wannan tsari motocin Formula One ke aiki, haka ma tsofaffin Porsche 911 masu sanyaya inji da iska.

To, mene ne haɗin wannan da cikin birnin Kano, inda da wuya direba ya sami filin da zai taka mota? Gaskiyar magana, kasko mai shinge ba zai amfani mai motar da ke rarrafe daga Ƙofar Mata zuwa Kurmi da komai ba. Amma matsalar guda ce: a tsare mai a inda ake bukatarsa. Kayan da ke yin wannan aiki a motar talaka suna nan jibge a kasuwar Ƙofar Ruwa, sababbi da na gwanjo, nagari da jabu.

Babban cikinsu shi ne ringi. Galibin fistin yana ɗauke da ringi uku. Biyun sama suna toshe iskar da ta ƙone, na ƙasa kuma shi ne mai kula da mai. Sau da yawa wannan na ƙasa yanki uku ne: siraran zobba biyu na ƙarfe, da wani mai lanƙwasa a tsakiya da ke tura su jikin silinda. Duk saukar da fistin zai yi, yakan kankare man da ya yi yawa ya mayar da shi kasko, ya bar ɗan abin da zai wadatar. Babban abokin gabarsa a ƙasar Hausa shi ne ƙurar hunturu. Ƙurar tana ɗauke da ɓarɓashin yashi mai tsananin tauri, kuma idan matatar iska ta yage, ko an cire ta an jefar, yashin yakan shiga ya riƙa goge ringi da silinda har su sake.

A nan ne ake yawan asarar kuɗi. Mai mota ya sayi sabon ringi, a sa shi cikin silindar da ta riga ta cinye ta daina zama da'ira, bayan 'yan watanni hayaƙi ya dawo. Abin da ya dace shi ne a auna silindar tukuna. Idan ta cinye, a kai ta inji a faɗaɗa ta, a sa fistin da ringi masu ƙarin girma, alal misali na milimita 0.25 ko 0.50. Wani lokaci ma ringi lafiyarsa ƙalau, 'yan robobin da ke wuyan bawul ne zafi ya busar da su. Alamarsu ita ce hayaƙi da sassafe idan an ta da mota, sannan ya ragu. Zuba mai mai kauri don a ɓoye hayaƙi kuwa dabarar dillalai ce, ba gyara ba.

Ya kamata a ja kunnen samari masu sha'awar duk abin da aka rubuta wa sunan tsere a kwali. Ringin mai na motar tsere sau da yawa an sassauta ƙarfinsa da gangan don a rage guga, domin ana kwance injin a sake ɗaura shi a kai a kai. A motar yau da kullum, irin wannan ringi ƙara shan mai zai yi.

Akwai kuma wani ɗan tiyo da ake rainawa. Kowane inji yana tara tururin mai da iskar da ta sulale ta gefen ringi. Tun farkon shekarun 1960 aka fara sa wa motocin Amurka tiyo da bawul masu mayar da wannan tururi cikin inji ya ƙone. Masu tsere sukan ƙara ɗan gwangwani a kan hanyar don ya tare man kafin ya wuce. A garejinmu na gida kuwa, idan tiyon ya toshe, akan cizge shi a bar shi yana huci a sarari.

Inda ilimin halittu ya shigo ke nan. Man da ya ƙone rabi da rabi yana fita a matsayin ɗigo da ɓarɓashi ƙanana ainun. Hanci da ƙananan gashin da ke share maƙogwaro suna tare manya, amma waɗanda ba su kai mikiron 2.5 ba sukan zarce har cikin 'yan jakunkunan huhu inda jini ke karɓar iska. Cikinsu akwai sinadarai dangin waɗanda ke cikin kunkunniya. Tun a 1775 likita Percivall Pott na birnin Landan ya danganta kunkunniya da ciwon daji a jikin masu share bututun hayaƙi, kuma a shekarun 1920 aka tabbatar da irin wannan ciwo ga masu kaɗin auduga a masaƙun Ingila, waɗanda man inji ke jiƙa wa tufafi kullum. A 2013 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya gurɓatacciyar iskar waje cikin abubuwan da ke haddasa cutar.

A shekarar ce kuma, cikin watan Janairu, gwamnatin Kano ta hana achaba, wadda da yawan baburanta an ƙera su ne su ƙona mai tare da fetur. Adaidaita sahun da ta maye gurbinta tana wuni tana aiki cikin zafi da ƙura, ringinta kuwa ƙanana ne. Titunan cikin ganuwa matsattsu ne, iska ba ta kaɗawa sosai, salansa kuma tana fesa hayaƙinta ne a ƙasa, daidai fuskar mai tallan da ke zaune bakin hanya da ɗan firamaren da ke jiran tsallaka titi.