ƘASAR FADAMA A KWARIN KOGIN HAƊEJA: HALINTA DA RABE-RABENTA

A cikin littafin hakimi sau da yawa akan rubuta gona da kalma guda, ko dai tudu ko fadama. Ga ƙasar tudu wannan yakan isa. Amma ga fadama bai isa ba, gama gonaki biyu suna iya zama maƙwabtan juna a bakin kogi ɗaya, ɗaya ta ba da albasa shekara ashirin ba ta gaji ba, ɗaya kuwa ta fitar da kanwa bayan rani uku ta mutu. Wanda ya raba irin wannan fili tsakanin mutum biyu bisa faɗi da tsawo kaɗai, ya ba ɗaya dukiya, ya ba ɗaya wahala, alhali yana tsammani ya yi adalci.

Asalin ƙasar

Kogin Kano da kogin Calawa su ne suka haɗu suka zama kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuma daga duwatsun Jos ya gangaro. Da suka sauka cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta gabas, sai gudunsu ya ragu, suka rarrabu rassa-rassa suna ratsa tsakanin tsofaffin tuddan rairayi waɗanda iska ta tara a zamanin da hamada ta matso kudu, kāna suka haɗu suka zama kogin Yobe mai zuba cikin tafkin Cadi. Ruwan saman da wannan yanki yake samu kaɗan ne, wajen milimita 500 zuwa 700 a yawancin shekaru, cikin wata uku ko huɗu. Abin da rana da iska suke iya shanyewa a shekara kuwa ya ninka wannan fiye da sau biyu.

Saboda haka ƙasar fadamar nan baƙuwa ce, ruwa ne ya ɗauko ta daga nesa. Ko wace damina kogi yakan cika wajen watan Agusta da Satumba, ya tumbatsa, ya shimfiɗa abin da ya ɗauko, ya janye. Shekara bisa shekara, shimfiɗa bisa shimfiɗa, har ta yi zurfin da mai haƙa rijiya zai kai ga ruwa bai gamu da dutse ko marmara ba.

To, ruwa ba ya zubar da kayansa barkatai. Da ya tsallake gaɓa ƙarfinsa ya karye, abin da ya fi nauyi shi yake fara saki, watau rairayi. Ya ƙara gaba kaɗan ya saki turɓaya mai laushi. Laka kuwa, da yake ƙwayarta ta fi ko wace ƙanƙanta, sai can inda ruwa ya kwanta shiru makonni take sauka. Masana sun sa iyaka: ƙwayar rairayi daga milimita 2 zuwa kashi 1 cikin 20 na milimita, ƙwayar laka kuwa ba ta kai kashi 1 cikin 500 na milimita ba, turɓaya tana tsakaninsu. Wannan shi ya sa gaɓar kogi ta fi bayanta tudu, abin da yakan ba baƙo mamaki.

Iri uku daga gaɓa zuwa kwari

Ƙasar gaɓa rairayi ce gauraye da turɓaya. Tana da sauƙin fartanya, ruwa ba ya kwana kanta, saiwa tana nutsewa yadda ta so. Ita ce ƙasar lambu: albasa, tumatir, tattasai, da itatuwa kamar mangwaro. Aibinta ƙishirwa, sai an yi ta ban ruwa a kai a kai, taki kuma ba ya daɗewa cikinta.

Ta tsakiya ita ce sarauniya, kuma a kanta aka fi kawo ƙara gaban hakimi. Turɓaya da laka sun daidaita cikinta, tana riƙe danshi ba ta shaƙe shuka. Alkama da masara suna yi a rani, bayan janyewar ruwa kuma akan shuka wake ya nuna da danshin da ya rage, ba tare da an ɗebo ko guga ɗaya ba.

Ta uku ita ce baƙar laka ta ƙasan kwari, wadda ake kira dabaro inda ta yi tsanani. 'Yar'uwarta ce ake kira firki a ƙasar Barno, inda ake dasa masakwa bayan damina. Da rani takan tsattsage har hannu ya shiga, ta yi tauri kamar tubali. Da ruwa ya taɓa ta sai ta kumbura, tsagar ta rufe, ta yi danƙo ta riƙe ƙafar sa. Kwanakin da take yarda da garma kaɗan ne, tsakanin taurin da danƙon. Shinkafa ce abokiyarta, da ciyawar burugu wadda shanu suke dogara da ita a ƙarshen rani. Bagaruwa takan yi yawa a gefenta.

Sai dai kogi ba ya zama wuri guda. Yakan bar hanyarsa ya kama wata, inda yake gaɓa a dā ya zama kwari, kwari ya zama gaɓa. Don haka abin da ke sama ba shaida ba ne ga abin da ke ƙasa. Akan sami turɓaya mai kyau taki ɗaya, ƙarƙashinta tsabar rairayi mai zurare ruwa kamar rariya. Akan kuma sami rairayi a bisa, ƙarƙashinsa laka ta tare ruwa, albasa ta ruɓe mai lambu bai san dalili ba.

Abin da rami yake nunawa

Hanyar sani guda ce, a haƙa. Da rani a tona rami mai zurfin ƙafa biyar, watau wajen mita ɗaya da rabi, a share bangonsa da wuƙa, a duba shimfiɗun ɗaya bayan ɗaya. Daga ko wace a ɗebi kaɗan a jiƙa a murza a tafin hannu. Wadda ta ƙi dunƙulewa rairayi ce. Wadda ta yi santsi kamar garin alkama, ta murzu amma ta karye, turɓaya ce. Wadda ta murzu kamar igiya har aka lanƙwasa ta zobe ba ta tsage ba, laka ce.

Launi ma yana magana. Shimfiɗa mai duhu a tsakiyar rami tsohuwar fuskar ƙasa ce wadda ambaliya ta binne da ciyawarta. Ɗigo-ɗigon ja kamar tsatsa yana nuna iyakar inda ruwan ƙasa yake hawa ya sauka, gama ƙarfen da ke cikin ƙasa yakan yi tsatsa in ya sha iska. Inda launi ya koma toka-toka ko shuɗi-shuɗi, nan ruwa ba ya barin wurin, saiwar alkama ko ta mangwaro ba za ta wuce nan ba. Fararen ƙullutai kamar tsakuwa alli ne da ya taru domin ƙarancin ruwan da zai wanke shi, wannan kuwa alama ce ta busasshiyar ƙasa, ba a cika ganinta a fadamun kudu ba.

Sunayen da masana suka sa

Mai karanta rahoton malaman gona zai gamu da waɗansu sunaye baƙi. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da tsarin sunayen ƙasa a 1974, aka sabunta shi a 1988. A cikinsa ƙasar da kogi ya shimfiɗa, wadda shimfiɗunta ba su riga sun gauraya ba, sunanta Fulubisol. Mai toka-toka ta wurin kwanciyar ruwa Gilesol ce. Baƙar laka mai tsagewa Batisol ce, sharaɗinta laka ta kai kashi 30 cikin 100. Tsarin Amurka na 1975 yana da nasa sunayen dabam. Ba abin tsoro ba ne, domin manomin Auyo ko na Guri ya riga ya rarrabe waɗannan da ido da fartanya tun ba a buga littafi ba. Amfanin sunayen shi ne a san cewa dabaron Haɗeja danginsa guda da ƙasar audugar Jazira ta Sudan, abin da aka koya can yana iya amfani nan.

Gishiri da kanwa

Nan ne babban haɗari. Ko wane ruwa yana ɗauke da gishiri kaɗan, ko da harshe bai ji ba. In ruwan ƙarƙashin ƙasa ya matso kusa, kamar ƙafa uku zuwa shida, sai ƙasa mai laushi ta riƙa jansa sama yadda lagwani yake jan kananzir. Rana ta shanye ruwan, gishirin ya zauna. Da fari sai a ga shuka ta tsumbure wuri-wuri, bakin ganye ya ƙone. Daga baya farin ɓawo ya fito a kan kunya.

Gishiri da kanwa ba cuta ɗaya ba ce, ba kuwa magani ɗaya ba. Ƙasa mai gishiri tana wankuwa, in an malala mata ruwa mai kyau, aka kuma yi masa magudanar fita. Kanwa kuwa takan wargaza ƙwayoyin laka su toshe ƙofofin ƙasa, har ruwa ya kwana bisa, taki ɗaya a ƙasa kuwa busasshe ƙayau. Fuskarta takan yi baƙi-baƙi da santsi kamar sabulu. Masana suna lissafa ƙasa cikin masu kanwa in sinadarin sodiyam ya wuce kashi 15 cikin 100 na abin da lakar take riƙe da shi. Irin wannan ƙara mata ruwa ƙara mata ciwo ne. Sai an zuba mata garin jipsam, farin dutsen nan da ake haƙowa a ƙasar Fika domin siminti, da takin gida mai yawa, sa'an nan a wanke. Aikin shekaru ne, kuɗinsa kuwa sau da yawa ya fi na gonar.

A dā ambaliya ce take wannan wanki kyauta ko wace shekara, ta kuma bar sabuwar turɓaya. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Calawa a 1992, aka kuma sha fari a 1973 da 1984. Faɗin ƙasar da ruwa yake rufewa ya ragu, har a waɗansu shekaru bai kai rabin na dā ba, kuma yawancin abin da kogi yake ɗaukowa daga sama yakan kwanta a bayan madatsa. Ruwan da ake saki da rani ya sa kacala ta toshe waɗansu rassa, wani wuri ya bushe, wani ya zama tafki na dindindin, kamar yadda aka gani a hanyar Marma zuwa Nguru. Tun farkon shekarun 1990 kuma shirin raya fadama na Gwamnati ya yaɗa rijiyoyin burtsatse da injin ban ruwa. Amfaninsu a fili yake, amma mai inji yakan zuba ruwa fiye da mai jigo nesa ba kusa ba, yawancin lambuna kuwa ba su da magudana.

Abin da ya kamata a rubuta

Kafin a raba sabuwar fadama, ko a yanke hukunci kan musayar gona, wajibi ne hakimi ya sa a tona rami a ƙalla uku, ɗaya a gaɓa, ɗaya a tsakiya, ɗaya a kwari, gaban dagaci da masu gonar, da malamin gona in ya samu. Magatakarda ya rubuta sunan wurin da ranar, da kaurin ko wace shimfiɗa, da launinta, da yadda ta murzu, da zurfin da aka tarar da ruwa ko tsatsa, da ko an ga farin ɓawo. Ya tambayi tsofaffi shekarar da ruwa ya rufe wurin a ƙarshe, ya rubuta. In za a yanka fili, a yanka shi daga gaɓa zuwa kwari, ba a bi tsawon kogi ba, domin kowa ya sami rabo cikin iri ukun. A bar burtali da mashaya a buɗe, gama burugun kwari ba shi da amfani ga makiyayi in lambuna sun tare hanyar zuwa gare shi. Bayan shekara uku a sake tona rami kusa da na farko, a gwada da abin da ke cikin littafi. Ko wane rami kuma a cike shi ran da aka gama dubawa, saboda yara da dabbobi.