Ba Kowane Zazzaɓi ne na Cizon Sauro ba

Zazzaɓi shi kansa ba cuta ba ne, alama ce ta cewa jiki yana yaƙi da wata ƙwayar cuta. Aikin likita shi ne gano ko wace ce. A Birnin Kebbi da Argungu, inda fadamun Rima da gonakin shinkafa ke renon sauro, zato kan fara faɗawa ne kan zazzaɓin cizon sauro. Zaton yana da tushe, domin binciken ƙasa na shekarar 2021 ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin ɗari na yaran Jihar Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar, adadin da ya fi na kowace jiha.

To amma masu iya magana sun ce, kama da wane ba ta wane. Da yawa daga cikin yaran nan suna ɗauke da ƙwayar ne ba tare da ta kwantar da su ba. Saboda haka gwajin gaggawa, mai ba da sakamako cikin kimanin minti 20, yana iya nuna ta, alhali taifot ko sanƙarau ko ciwon huhu ne ke cin majinyaci. Wani bincike da aka yi kan yara 1,005 masu zazzaɓi a Tanzaniya, aka buga a 2014, ya nuna kimanin kashi 10 cikin ɗari ne kawai cizon sauro ya jawo musu ciwon.

Ga manya, akan dogara da gwajin Widal, wanda aka ƙirƙiro tun 1896, don gano taifot. Sai dai yakan yaudari likita, domin yana iya nuna cutar ga wanda ya daɗe da warkewa. Hanya mafi inganci ita ce a reni jinin majinyaci a ɗakin gwaje-gwaje har bakteriyar ta hayayyafa, sannan a jarraba maganin da ke kashe ta. Wannan kuwa yana cin kwana biyu zuwa biyar.

Jarirai ba su da wannan sukuni. Cutar da ta shiga jinin jariri tana iya hallaka shi cikin kwana ɗaya. Shi ya sa jariri ɗan ƙasa da wata uku, wanda zafin jikinsa ya kai digiri 38, ko ya ƙi shan mama, ake gaggauta kai shi asibiti. A can ake ɗibar jininsa, a fara magani nan take, sannan a gyara shi idan sakamako ya fito.