Gaskiya ko Jita-jita: Kowane ɗaki zai iya zama wurin sana'a a gida?

Tsadar hayar shago ta sa masu sana'ar hannu da dama suna komawa gida da aikinsu. Kafinta ya yanki gefen fulotinsa, mai walda ya fasa katangar ƙofar gida ya tayar da ɗaki, wanda ya yi ritaya ya zuba kuɗin sallamarsa a injuna. Wannan abin yabawa ne ƙwarai. Abin da ke damuna shi ne yawancin irin waɗannan gine-gine a kan zancen majalisa ake ɗora su, ba a kan awo ba, kuma sai an buga kwano matsalar ke bayyana.

Zancen da ya fi yawo shi ne: "Tsayin ɗakin kwana ya wadatar, ƙarin tsayi ɓarnar bulo ce." Ga kafinta da mai walda, wannan jita-jita ce. Allon filawud tsawonsa ƙafa 8 ne, faɗinsa ƙafa 4, daga kusurwa zuwa kusurwa kuwa ya kusa ƙafa 9. Ke nan a ɗakin da silin ɗinsa ke kan ƙafa 8, ba za ka iya tsayar da allon ka juya shi ba sai ya daki silin ko ya fasa ƙwan lantarki. Ga fanka kuma, wadda ake so fukafukanta su yi aƙalla ƙafa 7 daga ƙasa, alhali nan ne daidai inda katakon ke shawagi. Mai haɗa durowar kaya ya san wannan wahalar: a kwance ake haɗa ta, kuma wajen tayar da ita tana buƙatar sararin da ya fi tsayinta. Akwai wani abu da ake yawan mantawa. Birkila yana ƙirga sahun bulo daga fandisho, sannan a zo a yi ciko, a zuba daɓe, tsayin ya ragu ba tare da kowa ya lura ba. Daga saman daɓe ya kamata a auna. A ganina kada wurin aikin katako ko ƙarfe ya gaza ƙafa 10 zuwa ƙasan katakon rufi, in da hali a kai shi 12.

Batun ɓarna kuwa, a yi lissafi. Bulo mai inci 9 tsawonsa ƙafa ɗaya da rabi ne. Ɗaki mai ƙafa 20 da ƙafa 12 kewayensa ƙafa 64, wato bulo wajen 43 a kowane sahu. Sahu uku bayan wanda aka saba zai ci bulo kusan 130, ya ƙara maka tsayin wajen ƙafa biyu da rabi. Kwatanta wannan da kuɗin kwaye kwano, a cire katako, a ƙara gini, a sake rufi bayan shekara biyu. Amma tela ko mai gyaran waya bai buƙatar wannan duka, tsayin ɗaki ya ishe shi. Kuma duk bangon da ya yi tsawo yana son fila da linta na kirki.

Na biyu: "In dai injin ya shiga, wuri ya isa." Ita ma jita-jita ce. Injin zarto ba wani wuri yake ci ba, katakon da ke bi ta kansa shi ne mai ci. Falankin da ake sayarwa a kasuwa yawanci ƙafa 12 ne. Domin ka tsaga shi a tsaye, sai ka sami ƙafa 12 a gaban injin, ka sami wasu 12 a bayansa. Bututun ƙarfe na masu walda yana kai wa wajen mita 6, rodi kuwa mita 12. Wanda filinsa bai kai ba, dabarar ita ce ya saita injin daidai da ƙofa, katakon ya riƙa fita waje. Ƙofar ma abin dubawa ce. Ta ɗaki faɗinta ƙafa 3 ne, tsayi ƙafa 7, kuma gadon da aka haɗa ko get ɗin da aka yi wa walda ba zai fita ta nan ba. A sa ƙofa mai murfi biyu tun farko.

Na uku: "Dogon gini ba ya zafi." Rabin gaskiya ke nan. Iska mai zafi sama take tashi, kuma nisan kwano daga kai yana rage hucin da yake saukowa. Sai dai in ba ta da mafita, nan za ta taru ta cika ɗakin. Abin da ke aiki shi ne tagogi masu kallon juna a bango biyu, da wasu kafofi can sama kusa da rufi. A nan kuma maganar tsofaffin magina gaskiya ce, da suke cewa kada babbar ƙofa ta fuskanci gabas. A ƙasar Hausa hadarin damina daga gabas ya fi tasowa da iska da feshi, ranar yamma kuma tana shigowa ta tagar yamma a kwance. Kudu da arewa sun fi dacewa da manyan tagogi.

Jita-jitar da ta fi tayar mini da hankali ita ce ta madara. Sau da yawa za ka ga yaron shago ya tashi aiki, gashin ido duk garin katako, ko ya wuni a kan walda, sai maigidansa ya miƙa masa gwangwanin madara ya ce ya sha ta wanke ƙurar. Madara ciki take zuwa, ƙura da hayaƙi kuwa hanci da huhu suke shiga. Cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa mutum cutar daji, a 2017 kuma ta sanya hayaƙin walda a wannan rukuni. Maganin yana cikin ginin kansa da kayan kariya: iska mai ratsawa, takunkumin fuska na ƙwarai, da bango ba tare da ƙofa ko taga mai buɗewa cikin gida ba, inda mata da yara suke wuni. Haka janareta. Hayaƙinsa na ɗauke da gubar kabon monoksayid wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma ta sha kashe iyali guda a cikin barci. Buɗe taga bai wadatar ba. A waje ake ajiye shi, nesa da tagogi da kamar ƙafa 20.

Saura masu cewa, "Gidana ne, ina ruwan hukuma?" Takardar mallakar fili tana faɗin abin da aka ba da filin dominsa, na zama ne ko na kasuwanci. A Kano hukumar KNUPDA ce ke ba da izinin gini, a Kaduna KASUPDA, kuma ɗakin da ya ci hanya ko ya hau magudanar ruwa ana iya rushe shi. Maƙwabci ma yana da haƙƙi a kan ƙarar injin da ke tashinsa da sassafe.

Malam mai sana'a, kafin ka kira birkila, zana ɗakin a ƙasa da toka, ka sa alamar inda kowane inji zai zauna. Sannan ka ɗauko falanki mafi tsawo da kake aiki da shi, ka shiga cikin zanen, ka juya shi, ka ɗaga shi sama. Duk inda ya ƙetare layi, gyara awon tun ba a haƙa fandisho ba.